Sanda Daidai Hannu, Ɗaki Daidai Rana

Idan aka ce wa mutumin Gezawa ya lissafa abubuwan da ke hana shi barci, zai ambaci taki da iri da ƙarancin gona, ya gangaro kan tsadar siminti da kuɗin makarantar yara da ciwon dabbobi, amma ko kwana zai yi yana lissafi ba zai tuna da sandar wasan golf ba, balle ɗakin gilashi irin wanda Turawa kan manna wa gidajensu don shan rana. Saboda haka ba za mu ga laifin mai karatu ba idan ya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Amsar ita ce, waɗannan baƙi biyu mutum ɗaya ne ya kawo su gidanmu, a shekara ɗaya, kuma sun jefa mu cikin muhawarar da ta ci kusan wata uku kafin a aza tubalin farko. Da yake abin da muka tsinta a cikinta ya wuce zancen gida ɗaya, muka ga ya kamata mu baje shi a wannan fili domin 'yan uwa su duba.

Sai mu fara da ƙasar tukuna, domin wanda bai san ta ba, ba zai gane dalilin da ya sa kamu goma na fili ya zama abin jayayya ba. Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar Gumel. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu 280 a cikin fili mai faɗin murabba'in kilomita 340, wato fiye da mutum 800 ke nan a kowace murabba'in kilomita. Daga Jogana zuwa Tsamiya Babba, daga Wangara zuwa Tumbau, da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka tarar da gida ko rijiya ko turken awaki ba. Babu saura, babu gonar da ake bari ta huta. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960, har Tumbau ta zama ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka san su a littattafan nazarin ƙasa. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba. Mu kuwa da muka tashi muna kwasar taki a mangala mun san sirrin: akuya da tunkiya su ci harawa da karmami, su mayar wa gona da taki, gona kuma ta sake ba su harawa. Duk wanda ya yanke wannan igiya, ya yanke wa kansa tuwo.

Mahaifinmu, wanda muke kira Baba, ya haura tamanin. Ya ga farin 1973, ya ga na 1984, babu wanda ya durƙusar da shi, amma hunturu yana neman yin abin da fari ya kasa. Da zarar jaura ta fara kaɗawa a watan Disamba, sai sanyin ƙashi ya riƙe masa gwiwoyi, tari ya taso. Idan gari ya waye, akan shimfiɗa masa buzu a gindin katanga don ya sha hantsi, kamar yadda tsofaffin garinmu suka saba tun kaka da kakanni. Matsalar ita ce, inda hantsin yake nan iska take, ga ƙura tana shiga ido da ƙirji. Idan ya koma ɗaki, sanyi. Idan ya fito, ƙura. Wannan shi ne abin da ya dame mu, kuma shi ne tushen maganar gaba ɗaya.

Ƙanenmu yana aiki a Kano, Allah kuma ya buɗa masa. Wurin aikinsa ya tura shi kwas na 'yan watanni a Ingila, ya sauka a gidan wasu tsofaffi masu ɗakin gilashi a bayan gida, bango gilashi, rufi gilashi, ga kujeru ga tukwanen furanni. Ya ga yadda tsohon gidan ke zama a ciki yana karanta jarida, waje ana sanyi mai ratsa ƙashi, ciki kuwa ɗumi. Nan take ya tuna da Baba. Da ya dawo sai ya tara mu ya ce, "Yaya, na samo wa Baba magani. Zan gina masa irin wannan ɗaki, kuma ban nemi ko kwabo daga wurin kowa ba." Niyyar kirki ce, babu mai musun haka, kuma wanda ya ce zai kashe dukiyarsa a kan mahaifinsa ba a tare shi da gardama a zaman farko. Muka sa masa albarka, muka ce a bari a duba.

A wannan lokacin ne kuma ya shiga wasan golf, saboda yawancin manyan wurin aikinsa a filin golf suke ƙulla zumunci. Wasan ba baƙo ba ne a Arewa kamar yadda wasu ke zato. Turawan haƙar kuza sun buɗe filin Rayfield a Jos tun 1913, Kano da Kaduna ma suna da filayensu tun zamanin Turawa. Asalinsa dai daga Sikotilan ne, inda har a 1457 Sarki James na Biyu ya hana shi saboda yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbi da baka. A garin St Andrews ne aka tsayar da ramuka 18 a 1764, daga baya duniya ta bi. Yadda ake yin sa kuwa, mutum zai bugi 'yar ƙaramar ƙwallo daga mafari har ya zura ta a rami mai faɗin milimita 108, ya wuce rami na gaba, har ya gama goma sha takwas. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci.

Wata Asabar ya matsa mana sai mun raka shi, domin ranar ce zai yanke shawarar sandunan da zai saya. Ya riga ya zaɓo wasu a intanet, sirara masu ƙyalli, irin waɗanda Tiger Woods ya shahara da su. Mai koya masa wasan wani dattijo ne da ya fara da ɗaukar wa Turawa jaka tun yana yaro. Ya karɓi wayar ya duba hoton, ya mayar, sannan ya ce, "Yallaɓai, wata nawa ka yi kana bugu?" Ƙanenmu ya ce huɗu. Dattijon ya zaro irin wannan sanda daga jakarsa ya miƙa masa da ƙwallo goma. Biyu suka tashi, sauran suka yi ta birgima a ƙasa kamar an kori kaji. Ya sake miƙa masa wata mai faffaɗan kai da kwarmi a baya. Bakwai suka tashi sama, suka sauka kusa da juna. Sai ya ce, "Waccan ta farko ba ta yafiya. Wannan kuwa tana yafe maka kuskurenka har ka koya. Ka sayi mai yafiya guda shida ko bakwai, ko da na hannu ne. Ranar da hannunka ya nemi ƙari, ni zan gaya maka."

Da muka bi diddigi daga baya, muka tarar maganar dattijon tana da tushe. Dokar wasan ta hana mutum shiga fili da sanda fiye da 14, dokar da aka kafa a Amurka a 1938, Birtaniya ta bi a 1939. Sandunan sun kasu gida huɗu. Akwai masu ƙaton kai na bugun nesa, waɗanda a da ake sassaƙa kansu da katako, yanzu kuwa da ƙarfe marar nauyi. Akwai ƙarafa masu lamba, galibi daga 3 zuwa 9. Akwai masu kwantacciyar fuska na ɗaga ƙwallo sama ko fitar da ita daga ramin yashi, irin wadda Gene Sarazen ya yi suna da ita a 1932. Sai ta huɗu, mai miƙaƙƙiyar fuska ta zura ƙwallo a rami. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan lambar sanda ta yi ƙasa, ƙotarta ta fi tsawo, fuskarta ta fi miƙewa, ƙwallo ta fi nisa, amma sarrafa ta ya fi wuya. Babbar sandar nesa fuskarta ta kwanta da kamar digiri 9 zuwa 12 ne kawai, ta yashi kuwa kusan digiri 56. Shi ya sa ake hana sabon shiga rawar jiki a kan mai lamba 3, a ce ya fara da 7 da 9.

Ita kuwa yafiyar da dattijon ya ambata, aikin injiniya ce. Karsten Solheim, haifaffen Norway da ya zauna a Amurka ya kafa kamfanin Ping, shi ne ya yaɗa dabarar rarake bayan kan sanda a shekarun 1960, a tura nauyin zuwa gefe-gefe. Idan nauyi yana gefe, ko ƙwallo ba ta sami tsakiyar fuska ba, kan sandar ba ya murɗewa sosai, sai ƙwallon ta tafi kusan inda aka nufa. Siririyar sandar gwanaye kuwa nauyinta a dunƙule yake a tsakiya. Tana ba gwani damar lanƙwasa ƙwallo yadda ya so, amma tana tona asirin wanda ya kauce da faɗin farce. Haka ma ƙota: mai sanyin bugu, kamar yaro ko tsoho ko sabon shiga, ƙota mai laushi da rashin nauyi ce ta dace da shi, mai zafin bugu kuwa sai mai tauri. Wanda ya kai matsakaici sai ya ƙara babbar sandar nesa da wasu ƙarafa. Cikakkiyar jaka ta goma sha huɗu sai hannu ya faɗa. Wani abin lura kuma, a filin da aka ƙiyasta wa gwani bugu 72, bugu 36 daga ciki na zurawa a rami ne, biyu a kowane rami, wato rabin wasan yana hannun sandar da ta fi kowace rashin kwarjini.

Abin da ya fi burge mu shi ne tsarin rangwame. Kowane ɗan wasa yana da lamba da ke nuna matsayinsa, kuma a tsarin bai ɗaya na duniya da aka soma a 2020 lambar takan kai har 54. Idan mai lamba 20 ya kara da mai lamba 5, sai a yafe wa na farko kimanin bugu 15. Ma'ana, wasan ya tilasta wa mutum ya faɗi gaskiyar matsayinsa a fili, a rubuce, kafin a fara. Wanda ya rage lambarsa don a ce masa gwani, kansa ya cuta.

A hanyar komawa gida muka ce wa ƙanenmu, ai wannan dattijo bai faɗi abin da maƙerin garinmu bai sani ba. Wa ya taɓa ganin an miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai garma? 'Yar ƙaramar fartanya ake ƙera masa, mai gajeriyar ƙota da ƙaramin ruwa, ya bi bayan manya a noman firi yana tsugar ciyawa. Idan ya tasa a ba shi cikakkiyar fartanya da 'yar gayaunarsa. Garmar huɗa sai ƙashi ya yi ƙwari. Sungumi na shuka ne, lauje na yankan ciyawa, magirbi na kaka, kowanne da ranarsa, kamar dai jakar ɗan golf. Idan ka je sayen ƙota, masassaƙi na ƙwarai sai ya dubi tsawonka da faɗin tafinka kafin ya zaɓo maka, kuma ya san icen da ke jure aiki, irin su aduwa, wadda da ita ake sassaƙa allon karatu. Idan tsufa ya zo kuma, mutum ya koma wa mara nauyi ba tare da jin kunya ba. Baba da kansa ya ajiye garma shekaru da dama da suka wuce, ya riƙe wata 'yar fartanya da yake kewaya masarar bayan gida da ita. Ƙanenmu ya yi dariya ya ce ya yarda. Ya sayi sanduna bakwai na hannu, kuɗin da ya rage ya ce a zuba a ginin Baba.

To, a nan ne muka sami ƙofar shiga. Muka ce masa, tun da ka yarda sanda sai daidai hannu, shin ɗaki fa, ba sai daidai rana ba? Ɗakin gilashi amsa ce ga tambayar da ƙasar Turai ta yi wa mutanenta. Sarakunansu sun gina irinsa don ɓoye itatuwan lemo daga sanyi, kamar wanda aka gina wa Sarki Louis na 14 a Versailles ta Faransa a shekarun 1680. A Ingila sai da aka soke harajin gilashi a 1845, aka soke harajin taga a 1851, shekarar da Joseph Paxton, wanda asalinsa mai kula da lambu ne, ya gina katafaren zauren gilashi na bajekolin Landan, sannan masu matsakaicin hali suka fara manna wa gidajensu. Dalilinsu a fili yake. Landan tana sama da digiri 51 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Disamba yininta bai cika awa 8 ba, kuma ko da tsakar rana, rana ba ta ɗagawa sama da digiri 15 daga doron ƙasa. Mutumin da ke irin wannan wuri dole ya ɗana wa rana tarko. Gilashi kuwa tarko ne: yana barin haske ya shiga, ya hana zafin fita, kamar motar da aka rufe aka bari a rana.

Gezawa tana kusa da digiri 12 ne. Ko a Disamba yininmu ya haura awa 11, kuma rana takan kai kusan digiri 55 da tsaka. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 a inuwa. Hunturun da ke wahalar da Baba wata biyu ne zuwa uku, a cikinsu ma 'yan awoyin safiya ne. Ɗaki mai rufin gilashi zai yi masa amfani na waɗannan awoyi, sauran shekara kuwa ya zama tanda, ko kaza ba za ta yarda ta shiga ba. Ga ƙurar hunturu da za ta lulluɓe gilashin kullum, a garin da ake jan ruwa da guga. Ga iskar farkon damina da ke ɗauke kwano balle gilashi. Idan kuma aka ce a sanyaya shi da na'ura, da wace wutar?

Ƙanenmu bai sauka nan take ba, kuma yana da hujja. Ya ce, "Yaya, duk abin da aka kawo sabo sai ku ce ba na nan ba ne. Da haka aka ce wa kwano da siminti da famfo. Shin Baba zai ci gaba da shan ƙura ke nan saboda kakanninmu sun sha?" Wannan magana ta shige mu, domin gaskiya ce cewa akwai lalaci da ke fakewa da sunan gargajiya. Ba mu da ikon cewa a bar Baba a gindin katanga. Bugu da ƙari, sai ga wata matsala daga inda ba a zata ba. Filin da ya auna don ginin, a nan turken Inna yake, tumaki huɗu da awaki shida. Da ta ji labari ta kira shi ta ce, "Auta, na ji za ka tashi turkena ka kafa madubi. To idan ka tashe su, madubin ne zai ba gonar ubanka taki?" Babu wanda ya iya amsa mata. A ƙasar da fiye da mutum 800 ke raba kilomita ɗaya, duk ɗakin da aka gina wani abu aka tasa.

Daga nan muka ɗauki maganar zuwa wurin wani tsohon magini, abokin Baba, wanda muke kira Baffa. Ya gaji ginin ƙasa, ya kuma yi aikin bulo shekaru masu yawa. Bai tambayi hoto ba. Ya ce mu zo da asuba. Muka tsaya a tsakar gida har rana ta ɓullo, ya nuna da sandarsa ya ce, "'Ya'yana, ku duba inda ta fito yau. Da hunturu tana karkata kudu, da bazara ta koma arewa. Jaura daga arewa maso gabas take zuwa, hadari daga gabas. Ɗakin da ya ba gabas da arewa baya, ya buɗe baki kudu, ya sami hantsin sanyi, ya tsere wa ranar bazara, ruwa kuma ba zai doke shi a fuska ba. Yamma kuwa ku toshe ta, ranar la'asar ba ta da mutunci."

Da muka koma ga lissafi, sai muka ga Baffa bai kauce ko da taku ɗaya ba. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa kusan digiri 24 kudu da gabas sosai, saboda haka ƙofar da ke kallon kudu tana samun hantsi tun da sassafe. Daga 21 ga Maris kuwa mafitarta takan koma arewa da gabas, kuma wajen ƙarshen Afrilu takan tsaya daidai tsakar ka, daga nan ta wuce arewa, ba za ta dawo kudu ba sai wajen ƙarshen Agusta. Wato a watannin da zafi ya fi tsanani bangon kudu kusan a inuwa yake wuni. Idan aka fito da bakin rufi da santimita 60, inuwarsa da tsakar ranar Disamba za ta sauko ƙasa da mita ɗaya ne a jikin bango, rana ta shiga ta ƙasan. A ƙarshen Maris kuwa inuwar za ta haura mita uku, ta rufe bangon baki ɗaya. Magabatan maginanmu, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da waɗanda suka gina Gidan Makama a Kano, sun san kaurin bango da ƙanƙantar taga su ne maganin wannan ƙasa. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafi a hankali da rana, ya sake shi a hankali da dare.

A ƙarshe ga abin da aka tsayar. Ba a taɓa turken Inna ba. Wata tsohuwar rumfar kara da ke jikin ɗakin Baba ta kudu aka rushe, aka tayar da ɗaki mai tsawon mita huɗu da faɗin mita biyu da rabi a gurbinta. Bangon gabas da na yamma na tubalin ƙasa ne masu kauri, aka shafe na gabas da siminti saboda dukan ruwa. Rufi na kwano ne da sili a ƙarƙashinsa da 'yar kafar fitar zafi a sama. Fuskar kudu aka yi mata gajeren bango iya gwiwa, daga nan zuwa sama tagogin gilashi masu buɗewa, da ragar sauro, da asabari da ake saukewa idan haske ya yi yawa. Aka yi dakali a ciki inda hantsi ke sauka, aka dasa darbejiya a yamma, nesa kaɗan da tushen gini saboda saiwarta. Gilashin ƙanenmu ya shigo gidan, amma a bango ɗaya, kuma a bangon da ya dace. Kuɗin da aka kashe bai kai rabin abin da ya ware ba, ragowar aka sayi takin zamani aka gyara bakin rijiya.

Hunturu biyu ke nan Baba yana zama a ciki. Ba za mu ce ɗaki ya warkar da sanyin ƙashi ba, wannan aikin likita ne da ikon Allah, amma tarin ya ragu, kuma abokansa biyu sun mayar da wurin majalisa daga fitowar rana zuwa walaha. Da bazara jikoki ke karatu a ciki. Mu ma idan mun je gida a nan muke shimfiɗa takardunmu. Ƙanenmu kuwa har yanzu da sandunansa bakwai yake yawo, ko da yake ya ce dattijon ya fara yi masa maganar ta takwas.

'Yan uwa masu sha'awar alƙalami, ba sai mun ja zancen da nisa ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a fara wa yaro da zurfin izu, da babbaƙu ake farawa, sannan farfaru. Mai son rubutu da ya fara da gajeren labari na shafi uku ya gama shi, ya fi wanda ya ɗauko littafi mai juzu'i huɗu ya bar shi a babi na biyu. Haka kuma sau nawa muke karanta labarin da aka ce a ƙauyen Kano ya faru, amma gidan da ke ciki daga fim aka ɗauko shi, marubucin bai san inda ƙofarsa ke kallo ba, bai san inda rana ke faɗa masa ba? Hausawa sun ce wanda ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Aro ba laifi ba ne, duk al'ummar da ta ci gaba ta yi aro. Abin da ake bukata shi ne a san tambayar da abin aron ya zo amsawa a garinsu, sannan a duba ko ita ce tambayarmu.

Shawararmu ga duk mai niyyar ƙara ɗaki a gidansa, a ƙauye ne ko a birni, ita ce kafin ya kira mai awo ya tashi da asuba sau biyu, sau ɗaya a Disamba, sau ɗaya a Afrilu, ya tsaya a filin ya ga inda rana ke fitowa da inda iska ke bugowa. Ya tambayi matan gidan abin da ke wurin a yanzu da amfanin da yake yi. Ya nemi tsohon magini tun yana da rai, domin irinsu suna ƙarewa, kuma yawancin abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Wannan ma wani aiki ne da ke jiran masu alƙalami. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya, amin.